Jawabi a Bikin Yaye Masu Horar da 'Yan Ƙwallo

Mai girma shugaban taro, malamai, iyayenmu, da ku da ake yayewa a yau, barkanmu da ganin wannan rana.

Zan ja hankalinku ga aikin marigayi Stephen Keshi, domin a kansa aka fi samun amsar tsohuwar gardamar nan ta ko kocin gida zai iya riƙe babbar ƙungiya. Ya buga baya a Anderlecht ta Beljiyam da Strasbourg ta Faransa, shi ne kuma kyaftin lokacin da Super Eagles ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994. Sai dai suna a fili ba ya mayar da mutum koci. Gwanaye nawa aka miƙa wa ƙungiya suka kasa? Abin da ya fitar da Keshi daban shi ne ido, da tsayawa kan abin da idon ya gani. Da ya karɓi Najeriya a 2011, ya riƙa kiran 'yan gasar cikin gida sansani, har ya tafi gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 da shida daga cikinsu, ciki har da Reuben Gabriel na Kano Pillars, ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins. Jaridu suka yi masa ca. Ɗaya daga cikin shidan nan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta sallami Kwaddibuwa, shi ya kuma ci ƙwallo tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso.

Wani zai ce sa'a ce. To, sa'ar ta cika naci, domin shi ya sama wa Togo gurbin gasar cin kofin duniya ta 2006, karon farko a tarihinta, ya kuma kai Najeriya zagaye na biyu a Brazil a 2014. Wani zai tuna mana cewa Mali ta fice tun zagayen farko a hannunsa a 2010, Najeriya kuma ta kasa zuwa gasar Afirka ta 2015. Gaskiya ne, kuma yana da nasa kason laifin, don ba mai sauƙin lanƙwasuwa ba ne. Amma a auna da irin riƙon da aka yi masa. Togo ta sallame shi ana saura watanni a tafi Jamus gasar ta 2006, ta ba Bajamushe Otto Pfister aikin da wani ya gama wahalarsa. A gida ma, a shekarar da ya kawo kofi, sai da ya bi bashin albashin watanni.

Ina taya ku murnar wannan takardar shaida. Allah ya sa ku fara a sa'a.