Dabbar da aka ƙwace, ina za a kai ta?

Jawabi ga jama'ar Cirozerin da Arlit



Doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998 ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ta kuma bai wa ma'aikatan gandun daji ikon ƙwace dabba daga hannun mafarauci ko ɗan fasa-ƙwauri. To amma ƙwacewa rabin aiki ce. Ɗan barewar da aka raba da uwarsa, ko jiminar da ta girma cikin shinge, ba sa iya komawa daji rana ɗaya. Suna bukatar fili da ruwa da abinci da likitan dabbobi, wani lokaci har tsawon shekaru.

Tarihin jiminar Abzin ya isa darasi. A 1988 aka kafa gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta sama da miliyan 7. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya, shekara guda bayan haka ta mai da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tawaye. Wajen 1990 an ƙiyasta jiminu kimanin 1,600 a yankin. Kafin a sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta ranar 24 ga Afrilu 1995, bindiga da mota sun kusa ƙarar da su, daga baya suka ɓace daga dajin baki ɗaya.

Abin da ya hana irin ya mutu shi ne 'yan tsirarun da aka killace a Iferwan, da kuma cibiyar Kelle ta jihar Damagaram, inda ake kiwonsu da nufin mayar da su daji. Da babu waɗannan shingaye, da yaran Abzin sun san jimina a tatsuniya kaɗai.

Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, kamfanin SONICHAR kuma yana ƙona gawayin Anu Araren don ba ma'adinan wuta. Ƙasar da ta ba da wannan arziki ta cancanci cibiyar da za ta karɓi dabbobin da aka ceto, da ma'aikata masu albashi da kasafi tabbatacce. Alhakin neman wannan yana wuyan hukumomin gundumomi da sarakunan gargajiya, domin dokar da ba ta tanadi inda za a ajiye dabba ba, ta bar ma'aikaci da zaɓi biyu: ya kau da kai, ko ya bar ta ta mutu a hannunsa.

Allah Ya sa a gyara.