Babban ciwo: gudummawar dangi ko taimakon gwamnati?

Ya ku ɗaliban yaƙi da jahilci na Dawce da kewaye. Yau zancenmu a kan babban ciwo ne. In ya shigo gida, wa zai biya kuɗin magani?

Mun san yadda ake yi. Maigida ya sayar da akuya, ya sayar da gyaɗa. Wani har ya ba da jinginar gona. Daga nan a kai maganar masallaci, a aika wa ƴan ci-rani a Kano ko Agadas. Gudummawa aikin lada ce. Amma tana zuwa a makare, kuma wanda ya fi yawan dangi shi ya fi samu. Maraya fa, wa gare shi?

To, ku saurari abin da gwamnati ta ɗauka. A 2005, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, an ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A 2006 aka ƙara awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2007 aka ƙara ciwon daji na nono da na mahaifa. A 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita da na kwanciya da rabi a asibitocin gwamnati. Wannan haƙƙinku ne, ba sadaka ba ce.

Amma gaskiya ɗaya ce. An yi shekaru gwamnati tana jinkirin biyan asibitoci kuɗin kyautar nan, har magani ya yi ta yankewa. Kuma kyauta ba ta biyan kuɗin mota. In an tura mara lafiya daga Matameye zuwa babban asibitin Damagaram, akwai abincin mai jinya. In an ce sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce daga Damagaram. Gona kuma tana nan tana jiran noma.

Saboda haka kowa da nasa aiki. Magani a nema wurin gwamnati. Guzuri da gona, aikin gari ne.

Ga shawara. Kada ku jira sai ciwo ya zo. Ku kafa asusu tun kuna lafiya. Misali, gida 50, kowane gida ya ba da dala 20 a mako. Jika 5 ke nan. A mako 4 kun tara jika 20. Ku zaɓi ma'aji mai amana. Ɗayanku da ya iya rubutu ya riƙe littafi: suna, rana, kuɗin da ya shiga, kuɗin da ya fita. A karanta shi gaban jama'a kowane wata. Gonar mai jinya kuwa, a yi mata gayya.

In kun biya kuɗi a asibiti, ku karɓi takarda, ku karanta ta. Amfanin karatu ke nan.

Ku tattauna da malaminku: a unguwarku, wane gida ne ba shi da mai taimako?

Sai mako mai zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.