Makiyayi Mai Aminci Yakan Cika Rumbu Tun Da Kaka

 Gaisuwa ta musamman ga ikkilisiyoyin da ke ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a jihar Katsina, da fastoci da masu bishara da ke yi musu hidima. Karatunmu na yau yana cikin 1 Timoti sura 4, aya 6 zuwa 16. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, ya buɗe mu bi tare.

Manzo Bulus ya bar Timoti a birnin Afisa domin ya tsawata wa masu koyar da baƙuwar koyarwa. Timoti matashi ne, ga shi yana yawan fama da rashin lafiya. Afisa kuwa gari ne na tsafi, inda aka taɓa ƙona littattafan sihiri na azurfa 50,000 sa'ad da masu su suka tuba. A irin wannan wuri Bulus ya umarce shi ya lizimci karanta wa jama'a Nassi, da yi musu gargaɗi, da koya musu, ya kuma lura da kansa.

'Yan'uwanmu na waɗannan ƙananan hukumomi uku sun san wahala. A ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa an kashe manoma, an kore shanu, an ƙona rumbuna, Musulmi da Kirista duka sun yi kuka. A Satumba 2021 gwamnati ta datse layukan wayar hannu a yankin na tsawon watanni. A wancan lokacin, wanda tsoro ya kama shi da tsakar dare ba shi da halin kiran fasto. Abin da aka riga aka zuba masa a zuciya, shi kaɗai ya rage masa. To, mu masu kiwon garke, me muka zuba?

Aikin fasto na fari shi ne ya koyar da sahihiyar koyarwa, daki daki. Manomi ba ya jira sai bazara ta yi tsanani kafin ya gina rumbu. Tun da kaka yake cika shi. Haka ya kamata kowane mai bi ya san wane ne Allah, mene ne zunubi, don me Almasihu ya mutu ya kuma tashi, da yadda ceto yake samuwa ta wurin alheri. Wa'azin Lahadi kaɗai ba zai isa ba. Sai an haɗa da ajin baftisma, da makarantar Lahadi, da Zumuntar Mata, da koya wa manya karatu. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Abin kunya ne a ce yana rataye cikin jaka, dattijon ikkilisiya bai iya buɗe shi ba. Ku tuna da Ayyukan Manzanni sura 8. Da tsanani ya warwatsa masu bi daga Urushalima, manzanni ba su bi su ba, amma duk inda suka sauka sun yi shelar Maganar, gama an riga an koya musu. Iyalin da ya yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Malumfashi ya kamata ya isa can da guzurinsa na bangaskiya.

Na biyu, fasto ya tsare garke daga tatsuniyoyi. Lokacin tsoro kasuwar masu ruɗi ke ci. Wani zai zo da laya ya ce maganin bindiga ce. Wani zai zo da kwalbar mai da sunan Yesu a bakinsa, ya ce a biya kuɗi a sami tsari. Yawancinmu iyayenmu ko kakanninmu sun bar tsafi suka bi Almasihu, kada mu koma ta ƙofar baya. Fasto mai aminci ba ya yi wa mutane alkawarin da Allah bai yi ba. Ba a ce mana wahala ba za ta same mu ba. An dai tabbatar mana, a Romawa sura 8, cewa ko takobi ba shi da ikon raba mu da ƙaunar Almasihu.

Na uku, ya koyar da ibada, wato zaman tsoron Allah a gida, a gona da kasuwa. Bulus ya kwatanta ta da horar da jiki, abin da ake yi kullum har ya zama jiki. A nan ne aikin yake da nauyi ƙwarai. Saurayin da aka kashe mahaifinsa yana jin zafin ramuwa. Wa zai zauna da shi ya nuna masa daga Romawa 12 cewa sakayya ta Ubangiji ce? Wa zai hana jama'a ɗora laifin miyagu a kan kabila ɗungum, alhali akwai Fulani da yawa da su ma aka raba su da dabbobinsu? Wa zai ce a karɓi matar da ta dawo daga daji da mutunci, ba tare da tsegumi ba? Fasto ne. Shi ne kuma zai koya wa ikkilisiya yin addu'a domin maƙwabta da masu mulki, yadda sura 2 ta wannan wasiƙa ta umarta.

Na huɗu, ya lura da kansa. A ƙauye ba a ɓoye hali. Mutane sun san yadda fasto yake magana da matarsa, sun san ko kuɗin baiko da kayan agaji suna isa inda aka nufa. In bakinsa ya koyar da gaskiya, hannunsa kuwa ya karkace, hannun za su bi.

Wani zai tambaya, fasto da ya bar ƙauye saboda hari ya zama ɗan ƙodago ke nan, irin na Yahaya sura 10? Ubangiji da kansa ya yarda wa almajiransa su ƙaura zuwa wani gari in an tsananta musu. Ɗan ƙodago shi ne wanda bai damu da tumakin ba. Makiyayi na gaske, ko ya ƙaura, yakan nemi inda kowace tunkiya ta faɗa, ya tara su ko a gindin bishiya ne, ya ci gaba da koyarwa.

Ku kuma 'yan ikkilisiya, ku riƙe fastocinku da addu'a da damin hatsi, ku zo wurin koyarwa da 'ya'yanku.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ƙarfafa bayinka a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ka ba su gaskiya a baki da tsarki a hali. Ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda ke tsare, ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mun sake saduwa, Ubangiji ya kiyaye ku.