Kano a Idon Baƙo: Daga Tashar Jirgi Zuwa Fagge da Sabon Gari

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani baƙon birni da na taɓa zuwa, in faɗi abin da na fara gani game da cimarsu da zamansu. Na san ana sa ran jin labarin Landan ko Jidda. To, sai dai ku yi haƙuri, domin birnin da ya fi yi mini baƙunta a rayuwata shi ne wannan Kano da muke zaune cikinta.

Ni haifaffen zangon Kumasi ne. Fataucin goro ya kai kakanmu Gwanja, ya zauna, aka haifi mahaifinmu a can, mu ma aka haife mu. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Haka muka ɗaure kaya, babbar mota ta ratsa da mu Togo da Dahomey zuwa Ikko, daga nan muka shiga jirgin ƙasa a Iddo. Ina da shekara 12.

Tsakanin Ikko da Kano wajen mil 700 ne, kuma cikinmu ne ya fara sanar da mu mun sauya ƙasa. A Ibadan da Offa, ta taga ake miƙo dafaffen ƙwai da alale da soyayyar ayaba, duk da manja kamar na gida. Da muka haye gadar Jebba sai kurmi ya soma ja da baya. Kafin mu wuce Minna manja ya yi ƙaranci, a Zariya kuwa rake ne da gyaɗa da tsire.

Mun sauka Kano da hantsi, ana tsakiyar hunturu. Yaron da ya tashi cikin lema da ganye, sai ga hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa. Abu na farko da idona ya kama shi ne dalar gyaɗa, buhu bisa buhu har sai ka ɗaga kai. Mahaifina ya nuna mini, ya ce Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ma ɗan Gwanja ne kamar kakanmu kafin ya dawo ya kama sayen gyaɗa. Wannan magana ta ɗan kwantar mini da hankali. Sai kuma kekuna, ban taɓa ganin yawansu haka ba, ga jakuna ɗauke da mangala, ga 'yan dako suna ta kiran, "Alhaji, ina za a kai?" Kuɗin ma sabon karatu ne. Mun saba da sidi, sai ga fam da sule da sisi da taro, domin naira ba ta zo ba sai 1973.

A Fagge muka sauka, gidan wani fatoma da ya san kakanmu. Jama'a, ba banza ba baƙo ke sauka Fagge. Masana tarihi sun nuna cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nan ne zangon fatake masu zuwa daga arewa. Da layin dogo ya iso a 1911 sai baƙin kudu suka ƙaru, aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Kantin Kwari kuma na Kwarori ne. Wato tashar jirgi tana tsakiyar unguwannin baƙi, birni na can cikin ganuwa yana kallo.

Daren farko, bayan sallar magariba, sai na ga yara suna ta shigowa zaure da kwanuka, kowanne daga gidansa. Babu wanda muka sani cikin masu aiko su. An dai ji cewa mutanen Gwanja sun sauka, shi ke nan. Magidanta suka zauna ciyayya, aka jawo mu ciki. A nan na fara haɗuwa da tuwon dawa miyar kuka. Mu namu tuwon na masara ne mai laushi, da miyar ayoyo. Wannan kuwa ja ne, mai tauri, daddawa ta ji. Loma ta farko da ƙyar ta wuce. Amma da safe da aka kawo ɗumamensa da man shanu, sai da na suɗe kwano.

Kwana uku kwanukan nan suna zuwa. A cikinsu na san ɗanwake da mai da yaji, na san dambu, na san gurasa da ƙuli-ƙuli. Fura muna da ita a Kumasi, amma da madarar gwangwani muke damawa. A Fagge na fara ganin Bafillatana ta sauke ƙwarya, ta dama da kindirmo, ta miƙo da ludayi. Koko da ƙosai ne kaɗai suka zo mini kamar tsofaffin abokai, don a Gana har yau sunansu ke nan, kamar yadda shinkafa da wake ta zama waakye a bakin Asantawa.

Hausarmu ma abin kallo ce. Hausar zango ba ta raba mace da namiji. In na ce wa yarinya mai tallan ƙosai, "Uwata ya ce a ba ni na kwabo," sai ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ƙara mini gyara. Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne rashin ganin matan aure. A Kumasi mata ke riƙe da kasuwa. A nan suna cikin kulle, amma daga baya na gane cinikin na hannunsu, yara ne kawai ƙafafunsu.

Mahaifiyarmu kuwa kewar sakwara ta dame ta, har abinci ya daina shiga. Sai matar fatoma ta ce a je Sabon Gari. Da muka shiga sai na ji kamar an mayar da ni gida: tituna a miƙe, gidajen kwano, ƙarar ƙararrawar coci, ƙanshin manja. Wata Bayarabiya ta zuba mana sakwara da miyar agushi. Amma unguwar ba ta cika ba. Shaguna da yawa a rufe, domin masu su sun gudu tun rikicin 1966, yaƙin basasa kuma bai ƙare ba sai Janairun 1970. Mahaifina ya tsaya yana duban ƙofofin nan, ya ce, "Su ma haka suka bar nasu, kamar yadda muka bar namu." Ban ƙara jin ya yi maganar ba har ya rasu.

'Yan'uwa, abin da nake so mu ɗauka ke nan. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Bai san tarihin gari ba, bai san manyansa ba. Abin da aka zuba masa a kwano, da fuskar da aka miƙa masa da ita, da su yake yi wa gari hukunci har ya mutu. Kuma baƙunta juyi take yi. A 1983 mu ma muka kori baƙi, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka tafi, cikinsu har da malaman da suka koyar a makarantun jihar nan. Dalar gyaɗa ta ɓace tun shekarun 1970, tashar ma ba ta da hayaniyar da, amma baƙi ba su fasa zuwa Kano ba. Na yanzu a mota suke isowa, daga Borno da Zamfara da Katsina, rashin zaman lafiya ya raba su da gonakinsu. Wasu daga cikin 'ya'yansu suna cikin ɗakin nan.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu biyu. Na farko, cikin kuɗin da muke tarawa don fenti da kujeru, a ware wani kaso na abincin ɗaliban da iyayensu ba su da hali, a danƙa wa kwamitin da zai riƙa kawo mana lissafi duk shekara. Na biyu, duk ɗalibin da ba shi da inda zai je hutu, a samu tsohon ɗalibi ya sauke shi a gidansa. Ni na ɗauki biyu daga wannan hutu mai zuwa, Sakatare ya rubuta.

Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ɗaukaka wannan makaranta.