Dokar Ƙasa Takan Sauya: Magana a kan Auren Jinsi Ɗaya

Karatu: Matiyu 19:3-9, 1 Korantiyawa 6:1-11

Iyaye, in akwai ƙananan yara kusa da rediyo, ku aike su waje su yi wasa, gama maganar yau ta manya ce da matasa. Za mu yi magana a kan auren jinsi ɗaya, wato namiji ya auri namiji, ko mace ta auri mace. Da yawa cikinmu ba mu son a ambaci wannan a gida. Amma 'ya'yanmu suna ganinsa a waya kowace rana, ya kuma riga ya raba ikkilisiya a ƙasarmu.

Bari mu fara da abin da ya faru a duniya. Kafin shekara ta 2001, babu ƙasa ko ɗaya da dokarta ta yarda da irin wannan aure. Holan ce ta fara a wannan shekara. Beljiyam ta bi a 2003, Sifen da Kanada a 2005, Afirka ta Kudu a 2006. Faransa ta yarda a 2013. A Ailan, ƙasar da aka sani da riƙon Katolika, mutane ne da kansu suka jefa ƙuri'a a 2015, fiye da kashi 60 cikin 100 suka ce sun yarda. Girka ta bi a 2024, Tailan a 2025. Yanzu ƙasashen sun wuce 35.

Na Amurka ne aka fi ji. A watan Yuni na 2015, alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka yanke cewa dole kowace jiha ta yarda da wannan aure. Mutumin da shari'ar ke ɗauke da sunansa, Jim Obergefell, abokin zamansa ne ya mutu bayan doguwar jinya, shi kuwa yana so jihar Ohayo ta rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwa a matsayin wanda suka yi aure. Na faɗi wannan domin mu gane yadda masu goyon baya suke tunani. Maganar gādo suke yi, da ta wanda asibiti zai bari ya zauna kusa da mara lafiya, da cewa gwamnati kada ta bambanta 'yan ƙasa. Ba lalle mu yarda da su ba, amma bai kamata mai bi ya yi wa wani ƙarya a kan abin da ya faɗa ba. Ku kuma lura, tunanin mutane ne ya fara sauyawa kafin doka ta biyo. A binciken kamfanin Gallup na 1996, kashi 27 cikin 100 ne kawai na Amurkawa suka goyi bayan auren. A 2021 sun kai kashi 70.

A nan Nijeriya hanya dabam aka bi. A watan Janairu na 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi. Wanda ya yi auren, ɗaurin shekara 14. Wanda ya tsaya shaida, ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiya domin wannan, shekara 10. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 2 cikin 100 ne kaɗai na 'yan Nijeriya suka yarda da auren. Yuganda ta yi doka mai tsanani ƙwarai a 2023, har da hukuncin kisa a wasu laifofin. Botsuwana kuwa, kotu ta soke dokar hukunta luwaɗi a 2019.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Dokar farko da aka rubuta a kundin laifofin Nijeriya a kan luwaɗi, daga zamanin mulkin Turawan Ingila ta fito. Ingilar nan ita ce ta janye tata dokar a 1967, ta kuma fara ɗaura auren jinsi a 2014, shekarar da mu muka ƙara tsananta tamu. To, 'yan'uwa, mai bi wanda ya jingina bangaskiyarsa a kan majalisar dokoki, da me zai tsaya ranar da majalisa ta canja ra'ayi?

Yanzu mu buɗe Matiyu sura 19. Farisiyawa sun zo wurin Yesu da tambaya a kan sakin aure, suna riƙe da doka a hannunsu, gama Musa ya ba da izinin takardar saki. Yesu bai yi musun cewa dokar tana nan ba. Ya ce taurin zuciyarsu ne ya sa aka yarda musu, ya kuma kai su can baya, zuwa Farawa sura 1 da 2, inda Allah ya halicci namiji da mace, ya haɗa su su zama jiki ɗaya. Ashe abin da doka ta ƙyale dabam, nufin Allah tun farko dabam. A kan wannan ne ikkilisiyoyinmu suke koyar da cewa aure tsakanin namiji da mace ne. Mun koyar da haka kafin 2014, za mu kuma koyar ko da an share dokar gobe. Masu bi na farko a Koranti da Roma ba su da majalisar da ke goyon bayansu, duk da haka sun riƙe gidajensu da tsarki.

Amma ku duba, tambayar da aka yi wa Yesu a kan saki ce. Wannan nassin da muke ɗagawa domin mu nuna wa Turawa kuskurensu, shi ne yake tuhumar dattijon da ya kori matar ƙuruciyarsa, da mai bin da yake da ɗakin ɓoye a gari. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani.

Ikkilisiyoyin duniya ma sun rabu a kan wannan. A taron Lambeth na bishof-bishof na Angilika a 1998, mafi yawa sun tsaya a kan koyarwar dā. A 2003 ikkilisiyarsu ta Amurka ta naɗa Gene Robinson bishof, yana kuwa zaune da namiji. Akbishof Peter Akinola na Nijeriya yana cikin waɗanda suka jagoranci taron GAFCON a Urushalima a 2008 domin nuna rashin yarda. A Disamba 2023 fadar Paparoma ta ba da izinin sa wa irin waɗannan mutane albarka, ba ɗaura aure ba, sai bishof-bishof na Katolika a Afirka suka ce ba za su yi haka a nahiyarmu ba.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Metodis. A 2024 babban taron ikkilisiyar United Methodist a birnin Charlotte na Amurka ya cire hanin da yake cikin littafin dokokinsu. Nan da nan ikkilisiyar a Nijeriya, wadda ƙarfinta yake a jihar Taraba, ta tsage biyu. Waɗansu suka koma Global Methodist, waɗansu suka zauna. Aka shiga jayayya a kan majami'u da makarantu da filaye, har kotu. A Disamba 2024, a ƙaramar hukumar Karim Lamiɗo, an ƙona gidaje, an rasa rayuka, har da na ƙananan yara. Abin baƙin ciki, in ka tambayi ɓangarorin nan biyu ko namiji zai iya auren namiji, dukansu a'a za su ce maka. 'Yan kabila ɗaya, masu auratayya, masu rera waƙa daga littafi ɗaya. Bulus ya tsawata wa Korantiyawa a sura 6 don kawai sun kai juna ƙara gaban alƙalan da ba masu bi ba, ya ce gara a cuce su da su yi haka. Me zai ce da wuta da bindiga?

A wannan sura ce kuma yake lissafta masu aikata abin da bai gamshi Allah ba. Ya ambaci maza masu kwana da maza, gaskiya ne. A jeri ɗaya ya sa mazinata, da ɓarayi, da masu haɗama, da mashaya, da masu zage-zage, da masu ƙwace. Sa'an nan a aya 11 ya tuna musu cewa waɗansunsu haka suke a dā, amma an wanke su. Wato cikin masu zuwa sujada a Koranti akwai irin waɗannan mutane. Wani ya yi musu wa'azi, wani ya ba su wurin zama a kan benci.

Makonni kaɗan bayan an sa hannu a dokar 2014, a unguwar Gishiri a Abuja, taron mutane da sanduna suka bi gida gida da dare, suka fito da samari fiye da goma suka yi musu dūka. Dokar ba ta ba kowa wannan izini ba, balle Bishara. Akwai kuma masu amfani da tsoron dokar su karɓi kuɗi a hannun mutum, ko su ɓata sunan wanda suke gāba da shi. Yaro mai sanyin murya, ko yarinyar da ta daɗe ba ta yi aure ba, sai a fara raɗa a bayan majami'a. Wannan shaidar zur ce, tana cikin Dokoki Goma. A Yahaya sura 8, masu duwatsu suna da doka a bayansu, duk da haka ɗaya bayan ɗaya suka watse, aka bar matar da Yesu, wanda bai hallaka ta ba, bai kuma ce zunubinta daidai ne ba.

Baba, Mama, in ɗanku ko 'yarku ya zo muku da wannan magana, na san zuciya za ta yi nauyi. Kada ku yanke hukunci a daren nan. Kada ku kira taron dangi, kada ku kai shi gaban jama'a. Yaron da aka kora daga gida, tasha ce za ta karɓe shi, ko wanda zai ci amfaninsa, waɗansu ma sukan kai ga tunanin kashe kansu. Ku saurare shi har ya gama. Ku faɗa masa abin da kuka gaskata daga Maganar Allah a fili, ku kuma faɗa masa cewa har yanzu ɗanku ne, tuwonsa yana nan. In za ku nemi shawara, ku nemi fasto ko dattijo mai riƙe asiri. Fastoci 'yan'uwana, abin da aka faɗa muku a ɗaki kada ya zama misali a wa'azin Lahadi.

Lokacinmu ya ƙare. Kafin mako mai zuwa, ku karanta Afisawa 5:21-33 tare a gida, miji da mata, gama a kan wannan za mu yi magana. Sai Allah ya kai mu.