Yadda Manoman Gundumar Broome Suka Haɗa Kai

Yau labarin wata ƙungiyar manoma zan ba ku, ta gundumar Broome a Jihar New York ta Amurka, ƙasar masu shanun madara.

A 1911 'yan kasuwar garin Binghamton da kamfanin jirgin ƙasa da ma'aikatar gona ta Amurka suka haɗa kuɗi suka ɗauki malamin gona, John Barron, yana zaga ƙauyuka a keken doki. Da farko manoma sun yi ɗari-ɗari da shi. Ai dole, tun da mutanen birni ne suka aiko shi. Sai da manoman suka kafa ƙungiyarsu, suna biyan kuɗin shiga, suna zaɓen shugabanninsu, sa'an nan aikin ya kankama. Wasu gundumomi suka yi koyi, har a 1919 aka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa a Chicago.

To amma shawara kaɗai ba ta cika rumbu. Abin da ke damunsu shi ne algus. Mutum ya sayi buhun abincin shanu bai san abin da aka cusa ciki ba, ya sayi irin ciyawa sanyi ya kashe ta don ba irin ƙasarsu ba ne. Saboda haka a 1920 ƙungiyoyin manoma uku na jihar suka kafa ƙungiyar gama kai ta saye da sayarwa, wadda ake kira GLF. Dabararta ba wuya: kowane buhu a liƙa masa takarda mai nuna abin da ke ciki da yawan kowanne, iri kuma a san inda aka noma shi. A ganina wannan 'yar takarda ta fi dogon jawabi jawo mata mutane.

A 1964 ta haɗu da wata ta zama Agway. Ta yi girma ƙwarai, ta shiga sana'o'i barkatai, bashi ya yi mata katutu. A 2002 ta karye, aka sayar da kadarorinta, manoma da yawa da suka zuba ajiyarsu ba su sami kuɗinsu duka ba.

Ku da ke haɗa kuɗin taki kafin damina, a taronku na gaba ku ce magatakarda ya karanta muku bashin da ake bin ƙungiya, da ranar biya. In kuwa taki ya iso, a auna buhu biyu ko uku a gaban kowa kafin a fara rabo.