Rariyar Alƙaluma: Tace Rahoton Intanet a Kasuwar New Bell

 

Wannan unguwa ta New Bell da ke birnin Duwala, Jamusawa ne suka yanka ta a 1914, lokacin da suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, shekarar da suka rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell. Daga baya ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu. A unguwar baƙi kuwa, abu ɗaya yakan amsa suna uku. Daga nan maganata ta taso.

Yau 'ya'yanmu da dama sun buɗe wa shagunan iyayensu dandali a intanet, daga masu shadda a Kasuwar Kongo har masu kilishi. Kamfanin Google ya ba su ma'auni kyauta. Akwai Google Analytics, wanda ya fito a 2005, mai ƙirga waɗanda suka shigo da inda suka fito. Akwai kuma Search Console, mai nuna kalmomin da mutum ya rubuta kafin ya iso gare ka, yana kuma ajiye bayanan wata 16. Sai dai rahoton yakan zo kamar buhun gero daga gona, da tsakuwa da ƙaiƙayi. Dole a tankaɗe. Rariyar ita ce ɗan akwatin bincike da ke saman rahoton, inda za ka ce a nuna maka layukan da suka ƙunshi kalma kaza, ko a cire su.

To ga inda ake yin asara. Yaro ya rubuta kilishi a akwatin, ya ga mutane ƙalilan, ya ce wa mahaifinsa babu kasuwa. Alhali mutumin unguwar Akwa ko Bonaberi da ya yi karatun Faransanci kilichi yake rubutawa. Mu mu ce shadda, shi ya ce bazin. Mu mu ce tsire, ɗan Legas ya ce suya, Duwala ta ce soya. Ko sunanmu kansa, wani Hausa, wani Haoussa. Ga kuma ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yawancin masu waya ba sa lanƙwasawa. Na'ura ba ta san duk abu ɗaya ba ne. Abin da ka tambaye ta shi take kawo maka, ko da rabin masu sayenka sun rage a waje, kuma ba za ta gaya maka sun rage ba. Wannan shirun nata shi ya fi damuna, domin mutum zai yanke shawarar sarin kaya a kan lissafin da bai cika ba, zuciyarsa a kwance.

Maganin bai fi alamomi kaɗan ba, kuma tun 2021 Search Console ke karɓar su. Tsayayyen layi, wato |, ma'anarsa "ko". Idan ka rubuta tsire|suya|soya, duka ukun za su fito wuri guda. Haka kili(sh|ch)i zai kamo rubutun nan biyu. Alamar ^ tana nufin farkon magana, alamar $ ƙarshenta.

Amma a kula, rariya mai manyan ido tsakuwa take saki. Wanda ya nemi soya zai iya kwaso masu neman waken soya, waɗanda ba ruwansu da nama. Sai ya bi layukan da idonsa, ya cire abin da ba nasa ba. Kada kuma a manta da zirga-zirgar mai shago da yaransa, domin Google Analytics na iya ƙirga su cikin baƙi idan ba a ware su ba.

Roƙona ga matasanmu shi ne, kafin ku taɓa kwamfuta, ku zauna da dattawan da suka daɗe a bakin shago. Ku tambaye su kowane suna da mai saye ke kiran kayan nan da shi, da Hausa, da Fillanci, da Faransanci, da Turancin buroka. Ku rubuta a littafi, sannan ku zuba a akwatin bincike. Iyaye kuma, idan yaro ya kawo muku alƙaluma, ku tambaye shi da wace kalma ya tace su.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu.